Yatsan Hannun Da Aka Yanke

Lauyan da muka damƙa wa shari'ar yayana ya janye ƙarar ba da saninmu ba. Ya kai wa kotu takarda mai cewa Yaya ne da kansa ya yarda a janye, wai an sasanta a waje, da dangwalen yatsa a ƙasa. Ƙarƙashin dangwalen an buga da inji cewa babban yatsan hannun dama ne. Yaya ba shi da hannun dama. An yanke shi daga saman gwiwar hannu shekara biyu da wata huɗu kafin ranar da ke jikin takardar, kuma a kan wannan hannun aka shigar da ƙarar tun farko.

Yaya mai ɗaurin rodi ne. In za a zuba ginshiƙi ko rufin siminti na bene, shi ake kira ya yanka ƙarfen, ya lanƙwasa, ya ɗaure da waya, kafin masu kankare su zo su rufe aikinsa ruf. Shekara ashirin da shida ya yi yana wannan. A wurin gini Inci ake ce masa. Ya samu sunan ne ranar da ya sa aka kwance ɗaurin yini guda cur, saboda tazarar ƙarafan wani ginshiƙi ta ɗara abin da ke cikin zane da inci ɗaya. Ɗan kwangilar ya ce masa siminti zai rufe, wa zai gani? Yaya ya ce, "Ni na gani." A ranar aka sallame shi. Bayan sati biyu aka aiko a kira shi, don wanda aka ɗauko a madadinsa bai iya karanta zane ba.

Ni ce autar gidanmu. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku na firamare, Yaya yana aji biyu na sakandare. Shi ya ajiye littafi ya bi masu gini, ni na gama sakandare da guminsa. Yau shekarata goma sha tara ina aiki a wani shagon buga takardu da yin kwafi, saboda haka takarda ba baƙuwata ba ce. Duk da haka sai da aka yi wata goma sha ɗaya ana raina mana hankali kafin na farga.

Abu guda Yaya ya fito da shi daga makaranta ya riƙe gam, shi ne sa hannu. Nasa dogo ne, da wata jela da take komawa baya ta ja layi a ƙarƙashin sunan, sannan ɗigo biyu a ƙarshe. Ranar biyan ma'aikata, in kowa ya bi layi yana dangwala yatsa a tawada, shi sai ya zaro biro daga aljihun gaba, ya busa masa iska, ya sa hannu a tsanake kamar mai buɗe banki. Abokan aikinsa suna tsokanarsa, "Inci, a yi sauri mana, ba yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ce." Ya ce su yi haƙuri, shi ba ya shafa wa yatsansa shuɗi alhali yana da biro.

Hatsarin ya faru ne wata safiya a wani gini mai hawa uku da ake yi kusa da babbar wayar lantarki. Sau biyu Yaya yana gaya wa shugaban aikin cewa wayar ta yi kusa, a sa a kashe wutar ranar da za a ɗaga dogayen rodi. Shugaban ya ce an rubuta takarda, ana jira. Ranar da motar kankare za ta zo ba a gama ɗauri ba, aka ce a ɗaga. Yaya yana sama yana jan rodin, kan rodin ya taɓa wayar. Hannun ya ƙone har ƙashi, shi kuma ya faɗo daga hawa na biyu a kan tarin bulo, ƙugunsa ya karye. Wata huɗu ya yi a asibiti. Kamfanin ya turo shugaban aikin dubiya sau biyu, da lemo a leda, daga nan ba mu sake ganin ƙeyar kowa ba.

Ya dawo gida da dungun hannu da sandar dogarawa a hammatar hagu. Suka tashi daga ɗaki biyu suka koma ɗaki ɗaya a bayan wani gareji, matarsa ta fara karɓar wankau da guga. Abin da ya fara roƙona bayan ya iya zama shi ne in riƙa kawo masa takardun da suka lalace a shago. Zai zauna a bakin ƙofa, ya ɗora katako a cinya, ya danne takardar da guntun bulo, ya riƙe biro da hagu. Matarsa tana shanya tana leƙowa.

"Malam, yau kuma kaza nawa ce ta bi ta kan takardar nan?"

"Ki ji da wankinki. Jelar ce kawai ta rage."

"Jiya ma jelar ce ta rage."

Wata bakwai ya yi a haka. Ranar da jelar ta fito, da ɗigonta biyu, sai da ya sa na je da takardar shago na manne ta da roba. Tana nan rataye a ƙusa kusa da tef ɗinsa na awo.

A daidai wannan lokaci wani maƙwabci ya kwatanta mana lauyan. Ya ce yana karɓar shari'ar marasa ƙarfi, ba ya neman komai sai an ci, sannan ya cire kasonsa. Ofishinsa yana hawa na biyu a saman wani shagon taya. Matakalar siririya ce, ƙarfen riƙewa kuma ɓangare ɗaya aka yi masa, ɓangaren dama in kana hawa. Yaya ya tsaya ya dubi matakalar, ya dubi sandarsa, ya ce, "Auta, hau ki gaya masa ina ƙasa."

Na hau. Na samu mutum mai ƙiba da fara'a, waya manne a kunne. Ya karɓi takardun asibiti ya jujjuya, ya ce shari'a ce mai kyau, ko makaho ya ga haka. Na ce masa mai ƙarar yana ƙasa, ba ya iya hawa. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya ce, "Ba sai na gan shi ba, Malama, takardu sun isa." Sakatariyarsa ta sauko da takardar ɗaukar lauya, Yaya ya sa hannu da hagu a kan bencin mai taya, da jela da ɗigo biyu. Wannan takarda tana cikin fayil ɗin lauyan har gobe, in bai yaga ta ba.

Daga ranar, duk farkon wata Yaya zai sa rigarsa mai kyau, matarsa ta naɗe masa hannun rigar na dama ta maƙale da fil, ya hau motar haya biyu ya je ya zauna a bencin nan. Mai taya zai ɗaga kai ya ƙwala kira. Can sai taga ta buɗe, sakatariya ta leƙo.

"Baba, an ɗage!"

"Zuwa yaushe?"

"Za mu sanar da kai!"

Taga ta rufe. Yaya ya sa wa lauyan suna Na-Sama, tunda bai taɓa ganin fuskarsa ba. Mai taya kuwa in ya hango shi tafe sai ya fara, "Inci, ka zo duban hadari? Yau ma sama ba za ta zubo komai ba." Yaya ya ce ai shi mai gini ne, ya san siminti ma sai an ba shi kwanakinsa yake kamawa. Shekara biyu da 'yan watanni ya yi yana wannan zirga-zirga. Ni ina shago daga safe zuwa yamma, in ya ce min an ɗage sai in ce to Allah ya kai mu. Laifina ke nan a cikin maganar, ban ɓoye ba.

Wani magatakardan kotu ne ya tona abin. Yakan zo shagonmu yin kwafi in injin ofishinsu ya lalace, kuma kusan kullum a lalace yake. Rannan na rubuta masa lambar shari'ar a guntuwar takarda, na ce ya taimaka ya duba min ranar da aka ɗage zuwa. Bayan kwana biyu ya dawo, bai ko zauna ba.

"Malama, wa ya ce miki an ɗage? Wannan ƙara ai tun bara aka rufe ta."

Na nemi kwafin fayil ɗin gaba ɗaya mai hatimin kotu, na zauna na karanta shi shafi-shafi. Sau huɗu aka kira shari'ar, lauyan kamfani yana nan, namu ba ya nan. A karo na huɗu alƙali ya rubuta cewa in aka sake haka zai nemi lauyan ya zo ya yi bayanin kansa. A karo na biyar sai ga takardar janyewa. Tun daga ranar zuwa ranar da magatakarda ya tsaya a gabana, wata goma sha ɗaya ne, kuma sau goma sha ɗaya aka buɗe tagar nan aka ce wa Yaya an ɗage.

Da na kai masa takardar bai yi ihu ba. Ya karanta ta sau biyu, ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallon dangwalen.

"Auta, wannan yatsan bai taɓa murɗa waya ba."

Na ce, "Yaya, hannun dama fa suka rubuta."

"Na gani. Ba shi nake gaya miki ba. Dubi zanen, layi-layi, tsaf kamar an zana da biro." Ya miƙo min babban yatsansa na hagu. Sumul yake kamar bayan cokali, shekara ashirin da shida na waya da ƙarfe sun cinye zanen. "Na daman ya fi wannan gogewa. Ko yana nan ba zai ba su wannan hoton ba." Ya ajiye takardar, ya ɗaga kai ya dubi wadda na manne masa da roba a jikin ƙusa. "Ba su ma tambaya ko na iya rubutu ba."

Washegari na hau benen. Sakatariya ta ce oga yana kotu. Na ce zan jira. Na jira awa uku, sai ga shi ya fito daga ɗakin ciki yana sakace haƙori. Na ajiye masa kwafin a kan tebur. Ya duba, fara'ar tana nan.

"Malama, matsalarku ke nan. Ku sa hannu a abu, bayan kwana biyu ku ce ba ku sani ba."

"Da wane hannun ya sa?"

Ya sake dubawa. Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kan layin, sannan ya koma kan sunan shari'ar, kamar mai ƙoƙarin tuna wace ce a ciki.

"Kuskuren bugu ne. Hagu ake nufi."

"To yana ƙasa da hagun. Ga tawada nan a teburin yarinyarka. Sauko mu gwada."

Ya ce ba zai tsaya ana yi masa tsawa a ofishinsa ba, in ina da magana in je duk inda zan je. Ban san ko kamfanin ya ba shi wani abu ba, ko kuwa tsoron alƙali ne kawai ya sa ya nemi hanyar rufe sakacinsa. Abin da ban gani ba ba zan faɗa ba. Na dai ga sakatariyar ta sauke hannunta ƙarƙashin tebur lokacin da na ambaci tawada. Wannan ba hujja ba ce, ban kuma sa shi a cikin ƙorafinmu ba.

Neman lauyan da zai kai ƙarar lauya shi ne aikin da ya fi ba ni wuya. Shida na bi. Na farko ya ce ajinsu ɗaya a makaranta. Na biyu ya ce gobe zai iya samun kansa a gaban mutumin a wata shari'ar, ba ya son tsamin dangantaka. Na uku ya ba ni shawarar in nemi dattawa a je a ba shi haƙuri, shi lauyan, ko zai duba lamarin. Akwai wanda ya karanta layin hannun daman ya yi dariya har da hawaye, ya kira na kusa da shi ya nuna masa, suka yi tare, sannan ya miƙo min takardata ya ce ba ɓangarensa ba ne.

Ta bakwai wata matashiyar lauya ce a ofishin da ke taimakon marasa ƙarfi kyauta. Ɗakinta a ƙasa yake, da alama da can ma'ajiyar kaya ne, fanka ɗaya da kabad mai ƙofa guda. Da na ce mata mai maganar yana waje, sai ta ture kujerarta ta fita da kanta, ta jawo benci ta zauna kusa da shi. Ta tambaye shi sunansa, ta tambaye shi aikinsa, ta bar shi ya ba ta labarin rodin tun daga farko. Sannan ta ce, "Baba, ba zan yi maka alkawari ba."

"Alkawari na ƙoshi da shi, 'yata. Gaya min tsawo da faɗi kawai."

Ta gaya masa. Ta ce sabuwar ƙara a kan kamfanin ba za ta yiwu ba, wa'adin shigar da irinta ya wuce tun yana zaune a bencin mai taya. Hanya ɗaya ta rage, a tabbatar cewa takardar janyewar ta jabu ce. In takardar ta faɗi, za a roƙi kotu ta dawo da tsohuwar shari'ar inda ta tsaya, a kuma nemi lauyan ya ɗauki alhakin abin da sakacinsa ya jawo. In ta tsaya, shi ke nan, a idon doka Yaya ya yafe hannunsa da ƙugunsa da kansa. Ta ce za mu fara da kwamitin da ke ladabtar da lauyoyi, don in su suka rubuta cewa takardar ƙarya ce, sauran aikin zai zo da sauƙi.

Ni na buga ƙorafin, bayan an tashi daga shago. Kwafi tara suka nema, Yaya ya sa hannu a kowanne, bai yarda a yi kwafin sa hannun ba. Bayan wata biyar amsa ta zo: an sa rana, kuma dole mai ƙorafi ya bayyana da kansa. Ɗakin zaman kwamitin yana hawa na biyu. Akwai na'urar hawa a ginin, an liƙa mata takarda cewa ana gyara, takardar har ta yi ja don daɗewa. Lauyarmu ta rubuta ta roƙi a yi zaman a ƙasa. Aka amsa mata da layi biyu cewa kwamiti yana da ɗakin zamansa.

Ranar farko muka je da wani tsohon abokin aikin Yaya, birkila ne, sun yi shekara ashirin suna bin gini tare. Ya zo da mutum biyu majiya ƙarfi da kujerar roba.

"Inci, zauna mu ɗaga ka. Minti biyu ne."

"Ni buhun siminti ne?"

"Buhun siminti ai ya fi ka sauƙin kai, ba ya gardama."

"Ku ɗaga ni a gaban mutumin nan, ya fara ganina a kan kujera kamar kayan gwanjo? Ku bari. Shekara biyu ina jiransa a ƙasa, yau su sauko."

Lauyarmu ta hau ta gaya musu yana gindin matakala. Ba wanda ya sauko. Aka rubuta a littafi cewa mai ƙorafi bai bayyana ba, aka ɗage, aka kuma gargaɗe ta cewa in aka sake samun haka za a kori ƙorafin.

A gida matarsa ba ta raga masa ba. Tana guga tana magana, ba ta ko kallonsa.

"Girman kan nan naka shi za mu dafa? Mutane sun bar aikinsu sun zo ɗaukarka, ka tsaya kana wa'azi."

"Ba girman kai ba ne."

"To mene ne? Hannuna ya yi kanta da wankin mutane, kai kana zaɓen yadda za ka hau bene."

A lokacin Yaya ya ɗan fara samun abin yi, 'yan kwangila ƙanana suna kawo masa zane ya lissafa musu rodin da gini zai ci, don har yanzu ba ya kuskure ko da sanda ɗaya. Ranar ya tura zanen da ke gabansa gefe, ya ce min, "Auta, in kin wuce ta wurin, ƙirgo min matakalar."

Talatin da huɗu ce.

Rana ta biyu muka isa tun kafin a buɗe ofisoshi. Yaya ya miƙa wa birkila sandarsa, ya juya wa matakalar baya, ya zauna a kan ta farko. Ya dafa ta sama da hagu, ya tokare da ƙafa mai lafiya, ya ja jikinsa. Haka ya yi ta yi, da baya da baya, yana jan ƙafar ɓangaren da ƙugun ya karye. Ni ina biye da fayil, lauyarmu tana gaba tana roƙon masu saukowa su raɓa. Lauyoyi cikin baƙaƙen kwat suna wucewa ta gefensa, wasu su ce sannu Baba, wasu su ɗauke kai. Wani ya saki takardar kuɗi a cinyarsa bai tsaya ba. Yaya ya ɗaga murya, "Malam! Kuɗinka ya faɗi." Sai da mutumin ya dawo ya ɗauka.

A ta goma sha bakwai ya tsaya, gumi ya jiƙa rigar har hannun da aka maƙale da fil. Na ɗauka ƙugun ne. Sai na ga yana ɗora tafin hannu a jikin matakalar yana gwadawa.

"Birkila, zo ka ga aikin banza. Wannan ta fi 'yan'uwanta da inci ɗaya da rabi."

"Inci, don girman Allah hau mu tafi."

"Wanda ya zuba ta ko kajin gidansa bai kamata a ba shi ya yi wa akurki ba."

Minti hamsin muka yi. Da muka kai sama birkila ya ɗaga shi tsaye, ya sa masa sandar, na goge masa ƙurar wando. Muka shiga. Sakataren kwamitin ne kaɗai a teburin gaba, ƙofar ɗakin zaman a rufe, ana jin motsin kofuna daga ciki. Ya ce ai an ɗage zaman. Lauyan da ake ƙorafi a kansa ya aiko da takardar likita jiya da yamma, yana fama da ciwon baya, likita ya hana shi hawan bene. Kwamiti ya karɓi uzurinsa.

Lauyarmu ta ce a maimaita mata. Ya maimaita. Birkila ya saki wata dariya, ya fita waje ya ƙarasa ta.

Yaya ya matsa gaban teburin. Ya jingina sandar, ya sa haƙori da yatsu ya cire fil ɗin, ya naɗe hannun rigar sama, ya sunkuya ya ɗora dungun a kan fayilolin sakataren.

"Ɗana, tunda na hau, rubuta cewa ka gani."

Sakataren ya ja kujerarsa baya. "Baba, ni ba ni da hurumin gani. Sai kwamiti ya zauna."

"Suna ciki ai, ina jin cokalinsu."

"Ba zama suke ba, Baba. Shayi suke sha."

Saukowar ta fi hawan wuya. Sati uku Yaya ya yi a kwance bayan nan, likitan ƙashi ya yi mana faɗa, ya rubuta cewa kada ya sake gwada irin wannan. A ranar da muka sauko, da yamma, na bi ta gaban shagon taya. Motar lauyan tana ƙofa, tagar hawa na biyu a buɗe. Na tambayi mai taya ko an sa wa ginin na'urar hawa ne. Ya ce a'a, da ƙafarsa ya hau, har da ledar ayaba a hannu.

An sa rana ta uku, Talatar ƙarshen watan nan. Lauyarmu ta sake rubutawa, ta haɗa takardar likitan Yaya da kwafin ta likitan lauyan, ta ce tunda yanzu mai ƙorafi da wanda ake ƙorafi a kansa duk an hana su hawan bene, a yi zaman a ƙasa. Yau kwana ashirin da uku ba amsa. In ranar ta zo Yaya yana gindin matakala, za a rubuta bai bayyana ba a karo na biyu, a kori ƙorafin, takardar nan ta zauna daram. Shi kuwa ya ce zai je, da rigarsa mai kyau da bironsa, amma ba zai hau ba, ba kuma za a ɗauke shi ba. Matarsa wannan karon sai ta wanke rigar ta goge ta rataye.

'Yan kwamiti, a ƙasan gininku, hannun hagu in an shiga, akwai ɗakin da direbobinku suke zama su jira ku. Na je da tef ɗin Yaya na auna shi, ƙafa goma sha takwas ne da goma sha huɗu. Zai ɗauki teburinku da kujerunku da kofunan shayinku.

Saboda haka, shugaban kwamiti da 'yan kwamiti, ranar Talata ku sauko ku zauna a ɗakin nan. Ku kira lauyan, tunda ƙasa ce bayansa ba zai hana shi ba. Ku sa ya zo da ainihin takardar janyewar, da takardar ɗaukar lauya da Yaya ya sa wa hannu a bencin mai taya, ku ajiye su gefe da gefe. Ku kawo tawada. Yaya zai dangwala hagunsa, karo na farko a rayuwarsa, ya ce ya yarda don a wuce wurin. Duk wanda ke aiki a ofishin lauyan shi ma ya dangwala nasa. Sannan ku dubi hannun daman yayana da idonku, ku rubuta abin da kuka gani, ku sa hannu, ku aika wa kotu ta dawo masa da shari'arsa.